Yadda Ake Zaɓen Tirayifod Mai Ƙarfi Kuma Marar Nauyi Da Kuɗi Kaɗan

Duk mai ɗaukar bidiyon TikTok ko YouTube, ko mai tallar kaya a intanet, ko mai ɗaukar karatu a masallaci, yakan zo lokacin da riƙe waya a hannu ba ya yi masa. A nan ake neman tirayifod, wato abin nan mai ƙafa uku da ake ɗora waya ko kamara a kai, wanda 'yan kasuwa suka fi kira da sitand.

Da yawa idan sun je saye mafi arha suke ɗauka, sannan su ɗora masa wayar da ta fi shi tsada nesa ba kusa ba. Ranar da iska ta kaɗa ko ƙafa ɗaya ta zame, kuɗin canza sikirin kaɗai ya isa sayen tirayifod mai kyau. Araha dai ba ta ado.

Abubuwa uku kowa ke so a tirayifod: rashin nauyi, ƙarfi, da sauƙin kuɗi. Da wuya a same su duka a jikin guda ɗaya. Don haka mai kuɗi kaɗan ya riƙe ƙarfi, ya haƙura da ɗan ƙarin nauyi, ya kuma rage burin tsawo.

1. A fara sanin nauyin abin da za a ɗora

Yawancin wayoyin yanzu nauyinsu bai wuce giram 200 da ɗan wani abu ba. Amma idan aka haɗa da maƙalin waya, da makirfo, da 'yar fitila, za a iya kaiwa rabin kilo. Kamarar DSLR da lens ɗinta kuwa takan kai kilo 1 ko ta wuce.

Kamfanoni suna rubuta iyakar nauyin da tirayifod zai ɗauka a jikin kwali. Wannan lamba tana nuna abin da zai ɗauka bai durƙushe ba, ba ta nufin hoton ba zai girgiza ba. Shi ya sa masu ɗaukar hoto suke neman wanda lambarsa ta ninka nauyin kayansu aƙalla sau biyu. Mai waya ya nemi na kilo 2 zuwa 3. Mai niyyar sayen kamara nan gaba ya nemi na kilo 4 zuwa sama, don kada ya sake saye.

2. Da me aka yi shi?

Alminiyam shi ne daidai da mai kuɗi kaɗan. Yana da ƙarfi, kuma idan ya bugu lotsawa yake yi, a ci gaba da aiki da shi. Aibinsa shi ne ɗan nauyi, da ɗaukar zafi idan ya daɗe a rana.

Kabon faiba ya fi rashin nauyi kuma ya fi saurin shanye girgiza, amma ya fi tsada sosai, sannan bugu mai ƙarfi yana iya tsaga shi.

Inda ake yaudaruwa shi ne a mahaɗai. Ana iya yin ƙafafun da alminiyam, amma wuyan da ya haɗa su da kan da waya ke zama a yi su da siririyar roba. Irin ƙaramin nan da ake kira 3110, wanda ya cika shaguna, misali ne: da ƙyar yake wuce mita ɗaya, kuma yana iya aiki a cikin ɗaki, amma ba na fita waje cikin iska ba ne.

3. Ƙafafu da makullansu

Kowace ƙafa gaɓa-gaɓa ce, wata na shiga cikin wata. Mai gaɓa 3 ya fi tsayuwa daram, sai dai yana da tsawo idan an naɗe shi. Mai gaɓa 5 yana shiga jakar goyo, amma gaɓar ƙarshe takan yi siriri kamar biro, kuma daga nan rawa take farawa. Mai gaɓa 4 shi ne tsaka-tsaki.

Makullan ƙafa iri biyu ne: na ɓallawa da na murɗawa. Na ɓallawa ya fi sauri, kuma da ido ake gane ko an kulle shi. A duba ko yana da sukurun da za a ƙara ɗaure shi idan ya saki, domin wanda ba shi da shi, ranar da ya saki babu gyara. Na murɗawa bai cika maƙale kaya a jaka ba, amma ƙura tana shiga zarensa, musamman lokacin hunturu.

4. Tsawon da ke jikin kwali

Tsawon da ake rubutawa yawanci har da sandar tsakiya an ɗaga ta gaba ɗaya. To amma da zarar an ɗaga wannan sanda, wayar ta koma kan ƙafa ɗaya ke nan, sai girgiza ta ƙaru. Abin tambaya shi ne tsawonsa ba tare da sandar ba.

Mai yin bidiyo a tsaye, santimita 130 zuwa 140 sun ishe shi, tunda kan tirayifod da maƙalin waya za su ƙara tsawo. Mai yi a zaune kuwa mita ɗaya ya wadatar. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri idan kuɗinsu ɗaya.

5. Kan tirayifod

Kai mai ƙwallo yana juyawa kowane ɓangare, a ɗaure shi da maɓalli ɗaya. Ya dace da hoto da bidiyon da waya ba ta motsi. Kai mai hannu shi ne na bin mutum yana tafiya, ko juyawa daga hagu zuwa dama. Masu kyau a cikinsu akwai mai mai kauri a ciki da ke sa juyawar ta tafi sumul. Masu arha kuwa sukan yi tsalle-tsalle, kuma hakan yana fitowa a bidiyo.

Sukurun da ke riƙe kamara girmansa ɗaya ne kusan ko'ina, wato kwata na inci, don haka kowane maƙalin waya zai hau. Wanda ya samu farantin ɗorawa irin na Arca-Swiss ya dace, domin idan ya ɓata ana samun wani cikin sauƙi. Shi kansa maƙalin wayar, na ƙarfe mai ɗaurewa da sukuru ya fi na roba mai sifirin. A gwada shi da wayar tana cikin rigarta.

6. Gwaji kafin a biya kuɗi

Wanda ya je kasuwa, ko Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ko Computer Village a Ikeja, kada ya karɓi kwali a rufe. Ya yi waɗannan:

Ya miƙe ƙafafun duka, ya kulle, ya danna saman da tafin hannu. Idan wata gaɓa ta nutse, ya ajiye.

Ya kama kan ya murɗa shi hagu da dama. Idan ƙafafun suna lanƙwasa, haka za su yi a iska.

Ya ɗora waya, ya buɗe kamara, ya ja zum har ƙarshe, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa ƙafa ɗaya da yatsa. Mai kyau nan da nan hoton yake tsayawa, marar kyau kuwa sai ya yi ta rawa.

Ya juya wayar a tsaye yadda ake bidiyon TikTok, ya ɗaure, ya ga ko kan zai sunkuya da kansa.

Mai saye a intanet ya karanta ra'ayin waɗanda suka riga shi, ya kuma duba nauyin tirayifod ɗin kansa. Dogon da bai kai rabin kilo ba, da wuya ya tsaya a waje. Wanda ke tsakanin kilo 1 da 1.5 yana ɗaukuwa, kuma yana da tsayuwa. Kamfanoni irin su Ulanzi, Neewer da K&F Concept suna yin masu sauƙin kuɗi. Haka kuma Manfrotto ko Benro na hannu, idan makullansa lafiya, yakan fi sabo marar suna daɗewa.

7. Yadda za a ƙara masa ƙarfi a kyauta

Idan akwai ƙugiya a ƙasan sandar tsakiya, a rataya jaka mai ɗan nauyi, amma ta taɓa ƙasa don kada iska ta riƙa lilo da ita. A fara buɗe gaɓoɓi masu kauri, sirara su zama na ƙarshe. A sa ƙafa ɗaya ta fuskanci inda nauyin ya karkata. Wajen ɗaukar hoto, a yi amfani da taima na daƙiƙa 3 ko rimot na Bluetooth maimakon taɓa sikirin. Bayan aiki a cikin ƙura kuma, a goge ƙafafun da busasshen ƙyalle kafin a mayar da su, domin yashi ne ke cinye makullai.

Idan kuɗin da ke hannu bai kai na babba mai kyau ba, gara a sayi ƙaramin na kan tebur mai ƙafafun ƙarfe, a ɗora shi a kan kujera ko katanga, a ci gaba da tara kuɗi. Tambayar da mai saye zai yi wa kansa a shago ita ce: zai iya ɗora wayarsa a kan wannan, ya juya baya ya yi taku goma hankalinsa kwance? Idan amsar a'a ce, ya nemi wani.