Ajin dare a Bronx: abin da mai kitso ta koya wa malamarta

Ƙarfe shida na yamma muke shiga aji, amma yawancin ɗalibaina tun asuba suke tsaye. Wannan ta wuni tana kitso a titi na 125 a Harlem, wancan yanzu ya ajiye motar Uber, waccan ta baro tsohuwar da take yi wa hidima. Ina koyarwa a wata makarantar koyon sana'a a Bronx, cikin birnin New York, inda muke horar da mataimakan nas, waɗanda a nan ake kira CNA.

Dokar tarayyar Amurka ta 1987 ta ce sai mai yin wannan aiki a gidan kula da tsofaffi ya samu horon aƙalla awa 75. Jihar New York ta ɗaga shi zuwa awa 100, kuma 30 daga ciki a gefen gadon majinyaci ake yin su. Bayan nan sai jarrabawa kashi biyu, ta rubutu da ta gwaji da hannu. A takarda abin kaɗan ne. Amma ga wanda ya biya kuɗin makaranta da guminsa, ga haya, ga 'yan gida na jiran aike, awa 100 ba wasa ba ce. In ya yanke a tsakiya, ba kuɗi ba takarda.

Da na fara, yadda aka koya min a gida haka nake koyarwa: ni a gaban allo ina zuba, su suna kwafa. Wata rana na ga wata baiwar Allah, 'yar zangon Kumasi da ta girme ni nesa, tana gyangyaɗi. Na ɗaga murya na ce wanda barci ya kawo shi ya koma gida. Kwana biyu ba ta zo ba. Na kira ta a waya.

"Malama," ta ce, "ni ba raini ba ne. Awa tara na yi a tsaye a kan mutum ɗaya. Turancin littafin nan kuma ya fi ƙarfina. Gara in haƙura."

Kunya ta kama ni. Na ce, "Yaya, ki yafe min. Ki dawo gobe, in bai canza ba ki tafi."

Washegari ban taɓa allo ba. Na raba su biyu-biyu, na ce kowa ya kama hannun ɗan'uwansa ya ƙirga bugun jini na minti ɗaya. Sai da kowa ya faɗi lambarsa sannan na gaya musu cewa na babba mai hutawa daga 60 ne zuwa 100. Wallahi ba wanda ya yi hamma. Gani ya kori ji.

Tun daga ranar hannu ke fara aiki, littafi ya biyo baya. Komai kuma sai na faɗi dalilinsa. Me ya sa ake cuɗa hannu da sabulu daƙiƙa 20? Me ya sa ake juya wanda ba ya iya motsi duk bayan awa biyu? Sai in tambaya: wa ya taɓa jinyar tsoho a gida? Hannuwa su tashi. Wadda ta ga gyambon kwanciya a bayan kakarta ba ta bukatar a yi mata dogon bayani. Ashe da iliminsu suka zo, sunansa na Turanci kawai ya rage.

Na daidaita hutunmu da Magariba. Na bar su su fassara wa juna da Hausa, Faransanci ko Sifaniyanci, amma gwaji da Turanci za a yi, don da shi za a yi jarrabawa. Duk wanda ya yi fashi sau ɗaya, a daren zan neme shi, domin na lura fashi na biyu shi ne bankwana.

Yayar tawa ta faɗi gwajin farko: ta manta ta kulle tayoyin keken guragu kafin ta ɗaga majinyaci. Doka ta ba da damar zama har sau uku. A na biyu ta haye. Yanzu takan leƙo ajina da kayan aikinta, kuma minti biyar ɗinta ya fi awa ɗayata tasiri. Gemu dai ba ya hana ilimi.

'Yan'uwa na gida, in naku ya ce ya shiga makaranta, aike ya ragu na 'yan watanni, don Allah a yi masa uzuri da addu'a. Da barcinsa yake biyan karatun nan.