Mene ne "E. coli" da ke kan takardar gwaji?

Idan an gwada bayan gidanka, ko fitsari, ko ruwan rijiyarku, wani lokaci za ka ga an rubuta "E. coli". A Duwala, inda ake rubutu da Faransanci, wasu kan ce "colibacille". Duk abu ɗaya ne: wata 'yar ƙwaya ce da ido ba ya gani sai da madubin likita.

Asalin sunan

A shekarar 1885 wani likitan yara Bajamushe, Theodor Escherich, ya gano ta cikin kashin jarirai. A 1919 aka sa mata sunansa. Shi ne harafin "E". "Coli" kuwa da Latin yana nufin "ta babban hanji". Wato sunan ya faɗi inda take zama.

Kowa yana da ita

Kai ma kana ɗauke da ita a hanji, haka shanu da awaki. A can yawancinta ba ta cutarwa. Sai ta bar gidanta take ɓarna. In ta shiga mafitsara takan kawo zafin fitsari, musamman ga mata. Wasu ire-irenta kuma suna sa yara zawo.

In an same ta a rijiya

Wannan alama ce kashi ya shiga ruwan. A New Bell gidaje a matse suke, ruwan ƙasa yana kusa, salga kuma sau da yawa tana dab da rijiya. Da damina ambaliya takan haɗa su. Hanyar da wannan ƙwaya ta bi, ita kwalara da taifot suke bi. Tsofaffin unguwa ba su manta kwalarar 2004 ba. Ruwa yana iya zama garau amma da cuta a ciki.

Abin da za ka yi

1. Tafasa ruwan sha, ka rufe tulu.
2. Wanke hannu da sabulu bayan ka zaga, da kafin cin abinci.
3. Zuba kashin yara a salga.
4. In za ka haƙa sabuwar rijiya, nisanta ta da salga kamar mita 30.
5. Mata su yi tsarki daga gaba zuwa baya.
6. Yaro mai zawo, ba shi ruwan gishiri da sukari: lita 1 ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

In ka ga jini a zawo, ko yaro ya ƙi sha, kawo shi asibiti yau. Kada ka sayi ƙwayar magani a bakin titi.