Keke a Dajin Nyungwe na Ruwanda: Hawan Dutse Wahala, Gangara Ita Ce Hatsari

 A watan Satumba na 2025 aka yi gasar tseren keke ta duniya a Kigali, babban birnin Ruwanda, kuma shi ne karo na farko da aka kawo ta Afirka. Maza sun yi gudun kilomita 267 da ɗoriya, kuma idan aka tara tuddan da suka hau, sun wuce mita 5,000. Tadej Pogačar ɗan ƙasar Sulobeniya ne ya zo na ɗaya. To, me ke akwai a hanyoyin Ruwanda da ya sa masu keke ke sha'awarsu? Yau za mu ɗauki hanya guda mu duba ta, wato wadda ta ratsa dajin Nyungwe.

Nyungwe daji ne na kan duwatsu a kudu maso yammacin Ruwanda, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,000. An mai da shi gandun daji na ƙasa a 2004, kuma a 2023 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gado na duniya. Hanyar kwalta ta taso daga garin Huye, ta bi ta gonakin ganyen shayi, ta kutsa cikin dajin, ta sauka Rusizi a bakin tafkin Kivu, kan iyaka da Kwango. A tsakiyar daji hanyar ta haura mita 2,400 sama da teku. Ku auna da namu: Yamai tana wajen mita 200, dutsen da ya fi tsawo a Nijar kuwa, can cikin duwatsun Bagzan na Ayar, mita 2,022 ne. Ke nan mai keke a Nyungwe yana taka feda a saman inda dutsenmu mafi tsawo ya ƙare.

Babu kasuwa babu gidaje a cikin dajin. Itatuwa dama da hagu, kukan tsuntsaye, da birai a bakin hanya, don dajin yana da irin birai har 13. Shirun nan shi ke jawo masu keke. Amma shiru ba ya nufin sauƙi.

Mu fara da hawa. Idan aka ce tudu yana da kashi 6 cikin 100, ana nufin duk mita 100 da ka yi gaba, ka ɗaga sama da mita 6. A fili irin namu, babban abokin gabar mai keke iska ce, shi ya sa ƴan tsere ke jeruwa bayan juna, na gaba yana tsaga iska na baya suna hutawa. A kan tudu kuwa, nauyi ne ke ja da baya: nauyinka, da na keken, da na kayan da ka ɗora. Nan ɓuya bayan wani ba ta da wani amfani sosai, kowa ƙafarsa za ta fishe shi.

Maganin wannan shi ne giya. Keken tsere yana da faifai masu haƙora iri-iri a gaba da baya. In za a hau, sai a mai da sarƙa kan ƙaramin faifai a gaba da babba a baya. Feda ta yi laushi, ƙafa na juyawa da sauri, keken na tafiya a hankali. Wanda ya ƙi sauya giya ya ce ƙarfi zai nuna, kafin rabin tudu numfashinsa ya ƙare. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai kuma maganar iska da sanyi. A tsawon mita 2,400, iskar oksijin da mutum ke samu a kowane numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, idan aka gwada da bakin teku. Baƙo zai ji zuciyarsa na bugawa da sauri ko da a hankali yake tafiya. Sannan duk mita 100 da aka hau, zafi na raguwa da wajen rabin digiri ko fiye kaɗan. Ruwan sama a Nyungwe yana kai milimita 2,000 a shekara, kusan ninki huɗu na abin da Maraɗi ke samu. Mutum zai iso sama jiƙe da gumi, ya tarar da hazo da sanyi, shi ya sa masu keke ba sa rabuwa da rigar ruwa a aljihu.

Yanzu mu zo ga gangara, inda rai yake. Ƴan tsere ƙwararru suna kai kilomita 80 a awa, wani lokaci fiye. Abu uku ne ke kayar da mutane.

Na farko, riƙe birki ba saki. Robar birki tana gugar ƙarfen da taya ke zaune a kai, ƙarfen ya yi zafi, birkin ya rage kamu, wani sa'in ma robar cikin taya ta fashe. Abin da ƙwararru ke yi shi ne su matsa birki da kyau, su saki, ya sha iska, su sake matsawa.

Na biyu, kwana. Ana rage gudu tun kafin a shiga kwana, lokacin da keken yake miƙe. Wanda ya damƙe birki a tsakiyar kwana, taya za ta zame. Birkin gaba shi ne ya fi tsayar da keke, amma in aka fizge shi gaba ɗaya, mutum zai tashi ta saman keken. Sai a haɗa shi da na baya, a ja jiki baya kaɗan. In kwalta ta jiƙe, birki yana jinkirin kamawa, sai a fara da wuri.

Na uku, sakin jiki. Hanya mai shiru tana sa mutum ya ɗauka shi kaɗai ne, ya yanke kwana ya shiga hannun wasu. Alhali hanyar Nyungwe ita ce manyan motoci ke bi zuwa Rusizi da Bukavu ta Kwango. Itatuwa sun rufe gani, ba ka sanin abin da ke bayan kwana, mota ce ko garken birai. Kuma in aka faɗi a tsakiyar daji, likita tana nesa.

Mutanen Ruwanda a cikin irin waɗannan tuddai suke tashi, ana ma yi wa ƙasar kirari da mai tuddai dubu. Samari da yawa sana'arsu ɗaukar mutane a keke, ko dakon ayaba, gawayi da madara. Daga cikinsu aka samu ƴan tsere. Gasar zagayen Ruwanda ta fara a 1988, ta shiga jerin gasannin ƙasa da ƙasa a 2009, kuma a 2014 Valens Ndayisenga ya zama ɗan ƙasa na farko da ya ci ta tun bayan wannan sauyi. Sai dai can ma akwai wata mummunar ɗabi'a da muka sani a nan gida: mai keke ya kama bayan kamiyo don ta ja shi a tudu. Direba bai gan shi ba, in ya taka birki ko ya kauce wa rami, shi ke nan.

Mu ba mu da dajin dutse irin na Nyungwe, amma muna da gangara. Mutanen Adar, wajen Keita da Buza, sun san ta, haka duk wanda ya taɓa sauka ƙorama da buhun albasa ko na hatsi a bayan keke. Kaya masu nauyi suna ƙara nisan da keke zai yi kafin ya tsaya, kuma sau nawa muke ganin yaro yana birki da silifa saboda robar ta cinye? Kuɗin robar birki bai kai kuɗin ɗorin ƙashi ba. Ƴan'uwa na ƙetare da ke aiko wa ƙanne da ƴaƴa keke, ku haɗa da hular kwano, wadda muke kira kaske, da fitila. Mu kuma na gida, kafin yaro ya fita da safe, mu matsa birkin gaba da na baya mu ji ko suna kamawa. Allah ya kiyaye hanya, amin.