Idan Gwani Ya Fi Ƙarfin Gyara

Ranar 16 ga Satumbar 2018, Linus Torvalds ya ba abokan aikinsa haƙuri a bainar jama'a. Wannan ɗan ƙasar Finland, wanda ya soma rubuta manhajar Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, ya amsa cewa yadda yake caccakar mutane bai dace ba, ya ce zai ja gefe ya nemi taimako a kan halinsa. Abokin aikinsa Greg Kroah-Hartman ya riƙe ragamar aikin har Torvalds ya dawo a watan Oktoba. Duk mai wayar Android a aljihu yana cin moriyar tawagar Linux, domin a kan Linux aka gina manhajar wayar.

Babu mai musun gwanintar Torvalds. Shi ya ƙirƙiro Git a 2005, wadda yau akasarin injiniyoyin manhaja ke adana aikinsu da ita. Amma idan aka kawo masa aiki mai kuskure, yakan haɗa da mai aikin ya wanke shi tas. An daɗe ana yi masa uzuri da cewa kishin inganci ne. A 2009 Alan Cox, ɗaya daga cikin tsofaffin hannu a Linux, ya ajiye sashen da yake kula da shi bayan sa-in-sa da Torvalds. A 2015 Matthew Garrett shi ma ya janye daga aikin Linux, yana kuka da yadda ake mu'amala. Waɗannan sanannu ne, shi ya sa aka ji labarinsu. Matashin da aka kunyata a aikinsa na farko, ya tafi shiru, ba mai ƙirga shi.

Asarar tana da nasaba da yadda ake rubuta manhaja. Galibi ba a shigar da aikin kowa sai wani ya karanta shi layi-layi, domin ido biyu bai isa ya kama kowane kuskure ba. Mai girman kai yana lalata wannan tsari ta fuska biyu. Idan aikinsa ake dubawa, na ƙasa da shi ya ga ɓaraka ya haɗiye, don gudun tsawa. Idan shi ke dubawa, sai mutane su riƙa ɓoye abin da ba su gane ba, su daina tambaya. Kuskuren da aka ƙi faɗa a ofis kuwa, a hannun mai amfani da manhajar zai fashe. Tun 1971 Gerald Weinberg ya yi wannan gargaɗi a littafinsa kan halayyar masu rubuta manhaja, inda ya nemi injiniya ya raba darajarsa da abin da ya rubuta. Binciken da Google ya yi a kan tawagoginsa kusan 180 ya gano cewa abin da ya fi bambanta tawaga mai nasara shi ne kowa ya iya magana ba tare da fargabar a muzanta shi ba.

Shi ya sa nake ganin zalunci ne a ce wa ƙaramin ma'aikaci ya yi ta haƙuri, wai haka halin oga yake. Abin da ke hannunsa kaɗan ne: kada ya mayar da martani cikin fushi, ya nemi a nuna masa layin da ke da matsala, ya bar gwaji da alƙaluma su raba gardama. Sauran nauyin na shugaba ne. Shi zai kira gwanin a keɓe ya gaya masa cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ya rubuta ƙa'idar da za ta hau kan kowa, ya kuma daina saka wa mai cin mutunci da ƙarin girma don kawai aikinsa yana sauri.

A 2018 ɗin Linux ta ɗauki rubutacciyar ƙa'idar ɗa'a, kuma Torvalds bai daina mayar da aikin da bai gamshe shi ba. Ƙa'idar ba ta kashe rikici ba. A Fabrairun 2025 Hector Martin, jagoran aikin ɗora Linux a kwamfutocin Apple, ya ajiye muƙaminsa bayan wata zazzafar taƙaddama kan shigar da harshen rubuta manhaja na Rust cikin Linux.