Jan Kwalekwale Da Mota A Ƙasar Wudil

Duk wanda ya san Kogin Wudil tun kafin a datse ruwa ya san yadda yakan yi toroƙo da damina, ya malale fadamu, ya bar wa masunta tafkuna cike da tarwaɗa da ƙarfasa. To, tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma ƙara da ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, sai ambaliyar nan ta ragu ƙwarai, ruwa mai yawa ya koma can bayan madatsu. Masunci kuwa inda kifi yake nan yakan nufa. Saboda haka mutumin Dagumawa ko na wani gari na ƙasar Wudil, in yana son su a babban ruwa, tilas ya bi da kwalekwalensa ta hanyar mota, kuma a nan ne muke son mu ja kunnen jama'a.

Motar da ta dace da wannan aiki ita ce jif mai ja da ƙafa huɗu, irin Land Rover ɗin nan da aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, wadda tsofaffin ma'aikatan En'e suka sani a wajen rangadi. Amma fa ƙarfin inji ba shi ne magana ba. Kowace mota maƙeranta sun rubuta iyakar nauyin da za ta iya ja, kuma cikin lissafin nan sai an haɗa jirgin da tirelar da ke ɗauke da shi, da injinsa, da koma, da dukan tarkacen da aka zuba ciki. A Ingila doka ta hana jan tirela marar birki in nauyinta da kayanta ya wuce kilo 750. Dalili kuwa a fili yake: motar da ta iya jan kaya ba lalle ne ta iya tsai da shi ba.

Akwai wani nauyi da mutane kan manta, watau ruwan da ya kwanta cikin jirgi. Garwa ɗaya ta ruwa kilo 18 ce, garwa 10 kuwa ta kusa buhu biyu na masara. Ga shi kuma ba ya zama wuri ɗaya, da an taka birki sai ya kwararo gaba, da an karya kwana sai ya koma gefe. A kwarfe shi sarai kafin a tashi.

Sai maganar zaman jirgi bisa tirela, wadda ita ce uwar al'amarin. Wajibi ne nauyi ya ɗan rinjayi gaba, yadda bakin tirela zai danna maƙalar mota da abin da ya kusa kashi ɗaya cikin goma na dukan nauyin. Kwalekwale dogo ne, sau da yawa yakan zarce tirela ta baya, in kuma aka bar inji da raga a can ƙarshe, sai baya ya rinjaya, ya ɗaga ƙafafun bayan mota. Da an soma gudu sai tirela ta kama rangaji, dama da hagu, tana ƙaruwa har ta juya motar kanta. Direban da ya ga haka kada ya danna birki da ƙarfi, kada kuma ya yi kokawa da sitiyari. Ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya riƙe sitiyari a miƙe har abin ya lafa, sa'an nan ya sauka gefen hanya ya gyara kayansa.

Mu dai ba mu yarda da tsohuwar igiyar rijiya wajen ɗaure jirgi ba, ko da maƙwabci ya rantse shekara goma yana aiki da ita. A ɗaure goshin jirgi, a ɗaure tsakiya da baya, a sa sarƙoƙi biyu tsakanin mota da tirela, a gicciye su ƙarƙashin maƙala don su tallabe ta in ta kuɓuce. In ba fitila a bayan tirela kada a yi tafiyar dare, da rana ma a rataya jan ƙyalle a ƙarshen jirgi. Yaro ko babba kada wanda ya hau cikin jirgi ana tafe, ko da sauƙin kuɗin mota ake nema.

Hanyar Kano zuwa Maiduguri ta bi ta gadar Wudil, manyan motoci ba su yankewa a kanta, ranar Juma'a kuwa ga kasuwar shanu ta cika. Wanda ke da hali ya zaɓi wata rana. In ba makawa, ya yi sammako, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da na gaba, ya buɗa kwana don kada tayar tirela ta hau kafaɗar hanya. Muna roƙon malaman makaranta da na ofis, waɗanda sau da yawa su ne ake zuwa aron mota wurinsu, su karanta wa masunta wannan kafin su ba da makulli.

Isa bakin ruwa ma ba ƙarshen aiki ba ne. Gaɓar kogi yashi ne da laka, sai mutum ya sauka ya taka wurin da ƙafa tukuna, ya sa giyar ƙarfi, wani ya tsaya gefe yana yi masa ishara, ba a bayan tirela ba. In an tsaya a gangare a ja birkin hannu, a sa dutse ko gungume bayan taya. Kada kuma a cusa tirela cikin ruwa da isowa, gama boris ɗin ƙafafunta ya ɗauki zafi a hanya, in ya gamu da sanyi farat ɗaya sai ya zuƙo ruwa ya ɓata giris, a komo gida taya na kuka ko ta cire a tsakiyar titi. A bari ya huce, wajen abin da za a sha ruwa a yi alwala, sa'an nan a saukar da jirgi.