Yaƙi da Halin Ɗan Adam a Ƙasidar Zuhairu

Zuhairu ɗan Abi Sulma, mawaƙin Larabawa na zamanin Jahiliyya, ya tsara ƙasidarsa da ke cikin Mu'allaƙat, wato fitattun ƙasidun Larabawa na wancan zamani, bayan yaƙin Dahis da Gabra. Ƙabilun Absu da Zubyanu, waɗanda duk tsatson Gaɗafan ne, sun gwabza saboda tseren ingarma mai suna Dahis da goɗiya mai suna Gabra. Aka yi zargin maguɗi, gardama ta kai ga zubar da jini, kuma masu ruwaya sun ce an shafe shekara 40 ana ramuwar gayya.

Ƙasidar tana da baiti kusan 60, amsa-amonta harafin mim. Bayan ya buɗe da begen kufai, kamar yadda mawaƙan zamaninsa suka saba, sai ya yabi Harimu ɗan Sinanu da Harisu ɗan Aufu, dattawan da suka biya diyyar mamata daga dukiyarsu alhali ba su kashe kowa ba. A zamanin da ake wasa jarumai, yabon masu sulhu ba ƙaramin abu ba ne.

Ƙarfin waƙar yana wajen siffanta yaƙi. Ya kamanta shi da wutar da ke ruruwa da zarar an tsokane ta, da dutsen niƙa mai murƙushe duk abin da aka zuba masa, da taguwa mai yawan haihuwa wadda 'ya'yanta duk masu shu'umci ne. Kamancen taguwar ya fi ratsa zuciya, domin Balaraben ƙauye yana auna arziki da haihuwar raƙuma, ga shi an nuna masa haihuwar da ba ta kawo komai sai makoki.

Zuhairu bai tsaya kan tseren dawakin ba. A ƙirjin mutum ya nemi tushen fitinar. Ya kawo Husainu ɗan Damdamu, wanda ya ɓoye ƙudurin ɗaukar fansar ɗan'uwansa, ya kashe wani ɗan ƙabilar Absu, har sulhun ya kusa rushewa. Ya kuma gargaɗi ƙabilun cewa Allah ya san abin da zukata ke ɓoyewa.

Baitocin ƙarshe hikimomi ne na dattijo mai shekara 80 a kan mutuwa, da kyauta, da cika alkawari, da kare mutunci. A cikinsu ya yarda cewa wanda bai kare mashayar ruwansa da makami ba za a rushe masa ita, wato yaƙin girman kai da gayya yake zargi, bai hana kare kai ba.