Kalmomin Matsanancin Farin Ciki a Harshen Ingilishi

Duk almajirin da ya duƙufa ga nazarin Ingilishi, idan ya iso babin farin ciki, zai tarar da kalmomi jibge a gabansa waɗanda ƙamus ke ba su ma'ana kusan guda, har ya zaci duk wadda ya ɗauka ta wadatar, alhali kuwa malaman lugga sun daɗe da faɗakarwa cewa da wuya a sami lafuzza biyu da suka daidaita ta kowace fuska. Sababin wannan yalwa yana cikin tarihi. Mutanen Ingila na dauri suna da nasu gajerun kalmomi irin su *glad* da *bliss*. Bayan da Normawa suka ci ƙasar a 1066 sai *joy* da *delight* suka shigo daga Faransanci. Daga bisani malaman coci da likitoci suka yi ta ɗebo wasu daga Latin da Yunananci, kuma cikin waɗannan na ƙarshe ne mafi nauyinsu suke.

Abin da ya kamata mai hankali ya lura da shi shi ne, galibin waɗannan manyan lafuzza ba don walima ko bushara aka ƙaga su ba, an ƙaga su ne don siffanta mutumin da wani al'amari ya rinjaya har ya raba shi da hayyacinsa. *Ecstasy*, wadda ita ce ƙololuwarsu, asalinta a Yunananci tsayuwa ce a wajen kai, wato ruhi ya bar mazauninsa, kuma masu zuhudu na Nasara, irin su Teresa ta Abila da ta rayu a Sifen cikin ƙarni na 16, da ita ake bayyana halin da sukan shiga a tsakiyar ibada. Wanda ya san abin da Sufaye ke kira wajdi, ko ya taɓa ganin shauƙi ya kwashi mai zikiri, ba ya bukatar dogon sharhi a nan. *Rapture* ma haka take, don daga Latin ta zo da ma'anar fizgewa. *Enthusiasm* kuwa, wadda a yau kowane mai neman aiki ke alfahari da ita, asalinta tana nufin abin bauta ya shiga jikin mutum, kuma a ƙarni na 18 zargi ce: da ita ake jifan mabiyan John Wesley, har Samuel Johnson, a ƙamusunsa na 1755, ya fassara ta da ruɗin mai riya cewa ana yi masa wahayi.

*Euphoria* daga bakin likitoci ta fito, suna nufin sauƙin da majiyyaci ke ji a jikinsa, ko cutar ta tafi ko tana nan, shi ya sa har gobe akwai ƙanshin tuhuma a tare da ita. Idan jarida ta siffanta 'yan kasuwa ko magoya bayan sabuwar gwamnati da ita, to tana yi musu hannunka mai sanda ne cewa murnar ba ta da tushe. *Thrill* a tsohon Ingilishi hudawa ce, kamar tsuma ta ratsa mutum. *Jubilant* ta taron jama'a ce da sowa bayan nasara, ba a cika faɗinta ga wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaka ba. Kuma ko da yake ta yi kama da *jubilee*, ita *jubilee* ɗin daga Ibrananci take, daga sunan ƙahon ragon da Bani Isra'ila ke busawa duk shekara 50 don 'yanta bayi da mayar da gonaki ga masu su. Akwai kuma *seventh heaven*, sama ta bakwai, wadda Turawa suka aro daga aƙidar Yahudu da Musulmi, galibinsu kuwa ba su sani ba.

Sai dai yawan amfani ya suɗe waɗannan kalmomi, kamar tsohon kwabon da ya sha hannu har rubutunsa ya goge. Kamfanin da ya fito da sabon sabulu cewa zai yi shi *thrilled* ne, ɗan ƙwallon Ingila da ya jefa guda a raga kuma *over the moon*, wato ya haye wata, maganar da 'yan jarida suka daɗe suna yi wa dariya saboda maimaici. Ba'amurke ba ya jin nauyin cewa *excited* kan taron ofis na gobe. Dattijon Ingila mai kawaici kuwa, wanda al'adarsa ta hore shi da ƙanƙanta abin da ke zuciyarsa, ranar da ɗansa ya ci babbar jarrabawa, aka zo yi masa barka, iyakacin abin da za a ji daga bakinsa shi ne *not bad*, wato ba laifi.